Jinjina ga Gwamnatin da Ta Gano Inda Kuɗi Suka Maƙale

A gaishe da firaminista Keir Starmer, a gaishe da Liz Kendall, ministarsa ta ayyuka da fansho a lokacin. A watan Maris na 2025 suka ga baitulmalin Birtaniya ya yi rami. Suka wuce bankunan Landan ba su ko waiwaya ba, sai basira ta kai su inda dukiyar ƙasa ta maƙale: aljihun naƙasassu. Fam biliyan 5 a shekara suka yi niyyar tatsowa. Wannan hangen nesa ba kowa Allah ke ba shi ba.

Dubi gwanintar lissafin. Tallafin naƙasassu na PIP da maki ake samunsa, sai suka ce dole mutum ya ci maki 4 a abu guda. Ga tsohuwa da sai an yayyanka mata abinci: maki 2. Sai an sa mata siket: 2. Sai an tsaya a kanta a banɗaki: 2. Sai an kama ta ta shiga bahon wanka ta fito: 3. Jimla 9, ta haura 8 da ake nema, amma ba ta da 4 ko ɗaya. Ashe lafiyarta ƙalau, son jiki ne kawai! Likitoci sun yi shekaru suna fama, alƙalami ya warkar da ita dare ɗaya.

Ga kuma gaskiya. Da bakinta gwamnati ta ce shirin zai jefa mutum 250,000 cikin talauci, 50,000 daga ciki yara ne, ta kuma ci gaba abinta. Jam'iyyar leburori ke nan, uwar talakawa.

Sai wasu 'yan majalisarta sama da 120, marasa kishin ƙasa, suka tada ƙayar baya. Ranar 1 ga Yuli aka janye ƙa'idar maki 4, daga baya jam'iyyar ta dakatar da huɗu daga cikin masu taurin kan don gobe.

Alhamdulillahi ba a tashi a tutar babu ba. Kuɗin rashin lafiya na tallafin Universal Credit, kusan fam 97 a mako, an mayar da shi 50 ga sababbin masu nema daga Afrilun 2026. Don haka duk mai shirin faɗowa daga bene a Ingila, ya sani ya makara.