Kunkuru da Ikkilisiyar Gindin Gawo

Ga ta nan, ga ta nanku.

A bakin madatsar ruwa ta Goronyo, inda aka tare gulbin Rima, akwai wani tsohon gawo. A gindinsa ƙananan dabbobi da tsuntsaye suke taruwa sujada kowace Lahadi, Kunkuru ne fastonsu. Ya girmi madatsar kanta. A idonsa aka gama gininta a 1984, a idonsa kuma ambaliyar 2010 ta ci gonaki da gidaje daga Goronyo har Wurno da Rabah. A shekarar ambaliyar, a bayansa ya riƙa kwashe 'ya'yan Bushiya zuwa tudu.

Alkawari biyu suka ɗaure ikkilisiyar: ba mai ba da ɗan'uwansa don ya tsira, ba kuma mai hana baƙo ruwa. Muddin madatsa tana cike, riƙon alkawarin bai yi wa kowa nauyi ba. Kwaɗi, matan zumunta, suna rera waƙa har maƙogwaro ya kumbura. Baiko yana zuwa, shinkafar fadamar Wurno da albasa da tafarnuwa. Wurin zama ma sai wanda ya yi sammako.

Sai ranin 2018 ya zo. Ruwa ya yi ta ja da baya har abin da ya rage bai wuce kashi ɗaya cikin goma ba, mutanen birnin Sakkwato da suke sha daga nan ma hankalinsu ya tashi. Laka ta tsattsage. A gefen da dabbobin suke, gurbi ɗaya ya rage, Kada ya je ya kwanta a cikinsa, ya naɗa Gizo mai shela.

Gizo ya zagaya yana cewa, "Ruwa na nan, ba a hana kowa ba. Sharaɗin ƙanƙane ne. Mai son sha ya daina zuwa gindin gawo, ya kuma raɗa wa mai gurbi inda maƙwabcinsa yake ɓoye 'ya'ya."

Lahadin farko babu wanda ya motsa. Ta biyu, Hawainiya ta zo da launin laka, ta zauna can baya, kafin addu'ar rufewa ta sulale. Belbela ta aiko cewa ita bangaskiyarta a zuci take, ba sai ta zo ba. Kwaɗi suka ce fatarsu ba ta jure fari, Ubangiji ma ya san haka. Kuma gaskiyarsu, ba ƙarya suka yi ba. Ƙishirwa ba abin wasa ba ce, wanda bai taɓa ganin ɗansa yana lasar busasshiyar ƙasa ba kada ya yi saurin yanke musu hukunci. Zomo, wanda dattijon ikkilisiya ne, shi ya fi daɗewa yana kokawa da zuciyarsa. Daren da ƙaramin ɗansa ya kasa ɗaga kai, ya gangara gurbi. Da gari ya waye, ramin Kurege da ke gaɓa ba kowa a ciki sai uwar.

Da azahar Gizo ya sami Kunkuru. "Baba Fasto, mai gurbi yana gaishe ka. Ya ce kai ba ya neman komai a wurinka. Ka sha, iyalinka su sha. Abu ɗaya dai, ran Lahadi ka yi wa'azi a kan haƙuri da biyayya, ka ɗan bar maganar alkawarin nan zuwa damuna."

Leɓen Kunkuru ya tsage, harshensa ya yi nauyi. Ya daɗe bai ce uffan ba, don shi ma yana jin ƙanshin ruwan daga inda yake. Sannan ya ce, "Ka ce masa na gode. Abin da tumakina ba za su sha da hannu mai tsabta ba, ni ma ba zan sha ba."

Ran Lahadi su biyar suka hallara: shi, da Bushiya, da Jaki, da Zakara, da Kurege wadda ba ta ko iya buɗe baki. Jaki ya ce a kira sunayen waɗanda suka gudu ɗaya bayan ɗaya a tsine musu. Kunkuru ya girgiza kai. Ya ce, "Kafin a gina madatsar nan na ga yadda mutane suke yi da rani. Yashin gulbi suke tonawa. Ku zo."

Suka gangara ƙasan madatsa, inda gulbi ya zama yashi zalla. Kunkuru yana tono da ƙafafun gaba, Bushiya tana fid da ƙasa, Jaki yana turewa da kofato. Ramin farko ƙura ce kawai. Na biyu ya rufta. Farcen Kunkuru ya karye, jini ya ɓata yashi. Duk da haka, in dare ya yi ba ya kwanciya. Sai ya ja jiki, da tafiyarsa ta kunkuru, ya bi gidajen waɗanda suka tafi. Ba ya faɗa, ba ya gori. Ya yi sallama, ya tambayi yara, ya yi addu'a a ƙofa. Wasu suka rufe masa ƙofa don kunya. A ƙofar Zomo ya kwana uku, ba a amsa masa ba.

A rami na uku suka ci karo da Gaiwa, naɗe cikin busasshiyar laka, tana jiran damuna kamar yadda ta saba. Ta buɗe ido ta ce, "Ku ƙara kamu ɗaya ta gabas, akwai danshi." Suka ƙara. Yashi ya yi duhu, ya yi sanyi, ruwa ya fara tsattsafowa, mai launin ƙasa, bai fi cikin ƙoƙo ba. In an kwashe, sai an jira ya sake taruwa.

Labari ya bazu. Da asuba sai ga su suna tahowa, kai a sunkuye: Hawainiya, Belbela, kwaɗi a jere. Can baya Zomo, ɗansa a baki.

Jaki ya tare hanya. "Ina kuke lokacin da muke tono?"

Zakara ya ce, "Ɗan'uwa, bari. A gidanmu ana ba da labarin wani kakanmu da ya yi cara a Urushalima, daren da Bitrus ya yi musun Ubangijinsa sau uku. Bitrus ɗin nan kuma shi aka danƙa wa kiwon tumaki daga baya."

Jaki ya kauce, amma Kurege ba ta kauce ba. Ita ke riƙe da ƙoƙon, don ranar layinta ce. Ta dubi Zomo, jikinta yana rawa. Zomo ya ajiye ɗansa, ya faɗi abin da ya yi da bakinsa a gaban kowa, bai rage komai ba.

Kunkuru bai ce mata ta yafe ba. Ya matso kusa da ita ya ce, "'Yata, ƙoƙon a hannunki yake. Ba wanda zai ƙwace shi."

Kurege ta ce wa Zomo, "Kai ba zan iya duban fuskarka ba tukuna. Miƙo yaron."

Ta shayar da shi, ta miƙa wa Bushiya ƙoƙon, ta koma gefe tana kuka. Kunkuru ya bi ta. Kafin ya tafi ya waiwayi Zomo ya ce, "Ka sha, sannan ka shiga rami. Ruwan bai isa kowa ba, tono kuma da saura."

Ƙurunƙus.