Hawainiya da Tsohon Jaki

Ga ta nan, ga ta nanku.

Wata shekara damina ta yi albarka, gero ya nuna a gandun sarki, sai Zaki ya sa aka yi shelar gayya. Tun da asuba dawa ta ɗauki hayaniya. Giwa tana kwantar da kara, birai suna yanke kan gero, Kurege yana ɗaurin dami, tururuwa suna bin ƙasa suna tsince ƙwayar da ta zube. Da la'asar kuma Dila, malamin daji, ya hau suri yana kiran sunan kowa da yawan aikinsa: wane dami 40, wance dami 25, ana ta guɗa.

Sunan Hawainiya bai taɓa fitowa ba. Da ita ake sammako, amma kafin ta ɗaga ƙafa ta yi gaba, ta yi baya, ta sauke, rana ta take. Sau da yawa takan isa gona ana kakkaɓe hannu. Ba wanda ya zage ta, ba wanda ya ce mata ci kanki, kuma wannan shirun ya fi zagi ci mata rai.

Ba nawa kaɗai ke makarar da ita ba. A bakin hanya akwai wani gawo, nan tsohon Jaki yake tsayawa ya huta tsakanin gona da rumbu. Akumari ya ci masa baya har ya zama gyambo, ƙudaje sun yi masa baƙi ƙirin. Wutsiyarsa ba ta kai wurin. Carki kuwa in ya sauka, da sunan cire kaska yake zuwa, amma sai ya bi gyambon da saran baki yana shan jini, ciwon ya ƙara buɗewa. Ranar farko da Hawainiya ta ga haka, ta ce, "Sannu, Baba. In hau in kore maka su?"

Ya ce, "Hau, 'yar nan, Allah ya yi miki albarka."

Ta kama gezarsa ta hau, ta zauna a gefen ciwon. Ido ɗaya yana kan ƙuda, ɗayan yana duban sama ko Carki zai dawo. Ta harba harshe, caf, ta ɗauke ɗaya. Ta jira. Caf, ta ɗauke wani. Ba ta taɓa naman ciwon ko kaɗan. Jaki ya sauke kunnuwa, leɓensa ya saki, har gyangyaɗi ya ɗauke shi. Haka suka riƙa yi kullum, wani lokaci ya ba ta labarin zamanin da yake kai kaya kasuwa yana matashi, wani lokaci su yi shiru. Ita dai ba ta ɗauki wannan a bakin komai ba, don a ganinta aiki shi ne abin da Dila ke ƙirgawa. Kuma da yawa daga cikinmu haka muke auna kanmu.

Ran nan ta ji an kira har sunan Buzuzu, an yaba masa kan takin da ya binne a gona, ita ko oho. Ta koma ta haye can ƙololuwar gawon, wanda ya fara tofo bayan ya yi damina ba ganye, ta rikiɗe ta zama launin reshe. Ta ce a ranta, "Wanda ba ya ƙara komai, zamansa a gida ya fi." Kwana biyu ba ta sauko ba.

A rana ta uku ta ji ana kira daga ƙasa, murya a dishe: "'Yar nan! Kina sama?"

Ta yi shiru.

"Na san kina nan. Lafiya kuwa?"

Ta ce, "Lafiya lau, Baba. Kunya ce ta hana ni saukowa. An kusa gama girbi, ko dami ɗaya ban ɗaura ba. Me zan je in yi?"

Jaki ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce, "Ni ba zancen dami ya kawo ni ba. Kwana biyun nan ban runtsa ba. Kowa ya wuce ni yana sauri, kayan da ke bayana yake dubawa, ko sun isa rumbu. Ke kaɗai kika duba abin da ke ƙarƙashin kayan. Jiya na tsaya nan har rana ta faɗi, ina cewa ko wani abu ya same ki."

Hawainiya ta leƙo. Ta ga gyambon ya ƙara faɗi, ga sabon jini inda Carki ya sara, ga ƙudaje har kan idonsa. Jikinta ya yi sanyi. Ta fara saukowa, ƙafa bayan ƙafa, shi kuwa ya matso da bayansa jikin itacen don kada ta sha wahala.

Da la'asar suka jiwo muryar Dila daga kan suri yana kiran sunaye. Ya kira har ya gama, babu nata, kuma abin ya ɗan sosa mata rai kamar kullum. Ta harba harshe ta ɗauke wani ƙuda, ta ce, "Baba, gobe in ka sauke kayan farko ka biyo ta nan. Kuma ka roƙi Biri ya sassauta maka igiyar akumarin nan, ita ke ƙara cin wurin."

Ƙurunƙus!