Wasan da Ba Ya Ƙarewa, Ba Ya Kuma Farawa

A 2012 ne Chris Roberts ya miƙa wa jama'a ƙoƙon bara, ya ce a taimaka ya haɗa Star Citizen, wasan kwamfuta na yawo a sararin samaniya, kuma da yardar Allah zai kammalu a 2014. Yaran da aka haifa a shekarar da aka fara tarin kuɗin yanzu suna sakandare. Wasan kuwa yana nan a matakin gwaji, kuɗin da aka zuba sun haura dala miliyan 800.

Amma kada a ci haƙƙin kamfanin Cloud Imperium Games mai haɗa wasan, wajen ba da rahoton ci gaba ba su da wasa. A 2020 da masu zuba kuɗi suka matsa sai sun ga jadawalin aiki, aka kawo musu jadawalin yadda za a fito da jadawalin. A 2022 wani rahoto kan Squadron 42, ɗan'uwan wasan, ya yi albishir cewa ana ta fama da yadda zanen gado zai yamutse idan soja ya tashi daga barci. Telan da ke riƙe da ɗinkin sallah ma sai ya sara musu.

An yi alkawarin rukunin taurari 100. Na biyu, Pyro, sai a Disamba 2024 ya iso. Sayar da jiragen wasan dai bai taɓa makara ba: an taɓa fitar da ƙunshin da aka sa wa dala 48,000, wasu jiragen cikinsa ma ba a ƙera su ba tukuna, hotonsu kawai mai saye yake kallo.