Littafin da Ya Tona Mini Asiri

Ranar da ɗana mai shekara 7 ya fara dafe goshi yana cewa a kashe fitila, nan take na yanke hukunci: lalaci ne. Ni ma na yi firamare, na san ciwon da ke zuwa da sassafe ya warke da zarar an rufe ƙofar makaranta. Sai da ya kelaya amai a kan takalmina na zuwa Juma'a sannan na janye ƙarar.

Daga nan likitocin gida suka karɓi aiki. Hajiya, mahaifiyata, ta ce da hannun mutum a ciki, don angon nata ya cika farin jini. Ta turare shi da habbatussauda har ni sai da kaina ya sara. Mai kemis ɗin layinmu, wanda tun da ya buɗe shago bai taɓa ganin cutar da ba maleriya da taifot ba, ya cika mini leda. Bayan sati biyu ciwon ya dawo abinsa.

Na saɓi yaro sai asibiti. Ya yi barci a cinyata cikin A Daidaita Sahu, ya ƙara wani a kan layi. Ko da aka kira mu, wanda na shigo da shi kamar tsumma yana can yana lilo da ƙarfen benci, yana tambaya ko ana sayar da awara a nan. Likita ta dube shi, ta dube ni. Na hau rantse-rantse.

"Kwantar da hankalinka, Malam," in ji ta. "Haka ciwon ɓarin kai yake yi wa yara."

Na ce ai nasa ba ɓari guda ba ne, goshin ne gaba ɗaya. Ta ce a yara yakan kama duka ɓangarorin, kuma ba ya daɗewa kamar na manya, awa biyu ma ta isa, barci ya tafi da shi. Duk da haka sai da ta lanƙwasa wuyansa ta tambayi zazzaɓi, saboda lokacin zafi ne na sanƙarau, ta haska idanunsa, ta tambaya ko ciwon na tashinsa daga barci ko ya taɓa jijjiga. Sannan ta ce abin yakan bi jini, ko akwai mai irinsa a gida? Har na ce babu, sai na tuna Hajiya: shekara arba'in tana ɗaure kai tamau da ɗankwali ta shige ɗaki ta rufe taga, mu kuma a ce mana mutanenta ne suka zo.

Ta rubuta farasitamol daidai nauyinsa, a ba shi da zarar ya fara, da ruwa, da ɗaki mai duhu. Asfirin kuwa ta ce kul, ba na yara ba ne. Kada kuma a mai da maganin gyaɗa, don yawan shansa ma kan jawo ciwon kai. A ƙarshe ta ce in sayi littafi in riƙa rubuta ranar da ya tashi, me ya ci, yaushe ya kwanta.

Na riƙe littafin nan da gaskiya, kuma ita ce ta kashe ni. Bayan sati shida muka koma har da maman yara. Likita na karantawa tana ja da biro: Laraba, Alhamis, Laraba. Kowacce da rubutuna a gefe: "Ya kwanta bayan goma. Mun makara, bai karya ba."

Maman yara ta juyo a hankali. "Baban yara, wai Talata da Laraba ba su ne daren gasar zakarun Turai ba?"

Su ne. Ni nake ɗaukarsa zuwa gidan kallo, cikin ihu da hayaƙin janareta, wai ina koya masa son Arsenal tun da wuri.

Da labari ya kai wa Hajiya, ko ɗagowa ba ta yi daga tsintar shinkafarta ba.

"Dama ai na ce da hannun mutum a ciki," in ji ta.