Jikokin Urƙubu

Larabawa sun daɗe da hutar da kansu. Idan mutum ya cika ɗaukar alkawari yana saɓawa, sai su ce alkawuran Urƙubu yake yi, magana ta ƙare. Wannan Urƙubu, yadda labarin ya zo, mutumin Yasriba ne tun garin bai zama Madina ba. Ɗan'uwansa ya zo neman taimako, sai ya nuna masa wata bishiyar dabino ya ce in ta yi fure amfaninta nasa ne. Ta yi fure, ya ce a bari 'ya'ya su fito. Suka fito, ya ce a bari su yi ja. Suka yi ja, ya ce a bari su nuna. Suka nuna, ya ce ai gara su bushe. Da suka bushe, gogan ya bi dare ya girbe abinsa. Sunansa ya bi duniya, har Ka'abu ɗan Zuhairu ya ambace shi a waƙarsa ta Banat Su'adu.

Mu abin da muke da shi “mai saɓa alkawari”. Ya yi tsawo, kuma ya cika ladabi. Kafin ka gama furta shi fushinka ya huce. Sauran kalmomin kuwa, maƙaryaci, mayaudari, maci amana, munafuki, kowace in ta dace da wani sai ta yi wa wani yawa ko ta yi masa kaɗan, domin jikokin Urƙubu ba ɗaki ɗaya suka fito ba.

Tela kowa ke fara tunawa, ko da yake ni ina ganin ana matsa masa da yawa. Ka je Kantin Kwari ka yanko shadda tun farkon azumi ka kai masa. Zai shafa ta, ya yaba, ya auna ka, ya rubuta awon a wani littafi da ya yi baƙi ƙirin don shan hannu, ya ce, “Alhaji, ashirin ga wata ka aiko yaro.” Ranar ashirin an yanka, saura haɗawa. Ranar ashirin da biyar an haɗa, tana wurin mai aikin wuya. Daren salla ka je da kanka, ka tarar da shi ido jajir, babu wuta, janareta na tari, mutane jere a kan benci kowa ya haɗe rai. Ka leƙa ƙarƙashin tebur, ga shaddarka a ninke yadda ka kawo ta, almakashi bai ko gaishe ta ba. To maƙaryaci ne? Ya yi ƙarya da ya ce an yanka, wannan babu musu. Amma ranar da ya ce ashirin ga wata, har zuciyarsa yake nufi. Ciwonsa bai iya cewa a'a ba. Kunya da kwaɗayi ne suka haɗu suka sa yake karɓar ɗinkin da ya fi ƙarfin kekensa, yana fatan watan zai ƙara kwanaki saboda shi. Ni Malam Gobe nake kiransa. Ƙannensa su ne kafinta, da mai gyaran waya, da makanikin da kullum yaronsa ya tafi Ƙofar Ruwa sayo kaya bai dawo ba.

Sai Gani-nan. Wannan ɗan zamani ne, da wayar hannu aka haife shi, wato tun 2001 da ta fara yaɗuwa a Najeriya. Da can mutum ba ya iya yi maka ƙaryar inda yake, don in kana jin muryarsa to kana ganinsa. Yanzu kun yi da shi ƙarfe huɗu, ƙarfe biyar ka kira, ya ce, “Gani nan, ina shataletalen Dangi, cunkoso ne.” Kai kuwa kana jiyo ƙarar ludayi a tukunya da muryar mai ɗakinsa tana tambaya ko a zuba masa. In ka sake kira caji ya ƙare. Gobe in kun haɗu shi zai fara ƙorafi, wai ya yi ta nemanka babu sabis.

Kawu Turo ya fi waɗannan kwarjini. A wurin ɗaurin aure ko zaman makoki ake haɗuwa da shi, ya zo daga Abuja, babbar riga na ƙamshi. Ya hango ɗan ƙanwarsa ya ɗaga murya yadda kowa zai ji: “Kai, ka gama bautar ƙasa har yanzu kana zaune? Me ya sa ba a gaya min ba? Turo min takardunka ta WhatsApp yau ɗin nan.” Yaro ya durƙusa, “To Kawu, Allah ya ƙara girma.” Jama'a su yi ta sa albarka, uwar yaro ta kwana tana addu'a. Daga nan sai labari ya fara sauyawa: shugaban wurin ya yi tafiya, an dakatar da ɗaukar aiki, kasafin kuɗi bai fito ba, ka sake turowa waccan wayar ta lalace. Ana cikin haka a ji ɗan cikinsa, wanda ya gama makaranta bara, ya kama aiki. Shi Kawu Turo girma ya zo saye a gaban jama'a, kuma bashi ya saye shi. Albarkar da aka sa masa a zaure ita ce abin da ya zo nema, ya samu, ya shiga mota. Abin da yaro ya samu shi Bahaushe ke kira romon baka.

Mai cin bashi ba ya bukatar dogon bayani, don shi kaɗai ne a dangin ya samu suna tsayayye: mai taurin bashi. Da asuba yake zuwa, murya ƙasa-ƙasa, ƙarshen wata zai biya. Bai dai faɗi wane wata ba. Nan gaba kai za ka koma kana lallashi, shi yana sa hoton sabuwar hula a Facebook, in ka matsa ya ce ashe haka kake, a kan ɗan wannan abin za ka ɓata zumunci.

Akwai wanda raha ba ta kama shi sosai, wato saurayin da manyansa kullum suna nan tafe. Ya shekara yana zuwa zance, ya kori duk mai zuwa, unguwa ta san yarinya tasa ce. In iyayenta suka ce ya turo, sai ya ce bayan ƙaramar salla. Ta wuce, bayan babba. Ta wuce, gini ya kai linta, a ɗan ƙara haƙuri. Wata rana sai ƙawarta ta nuna mata katin ɗaurin aurensa da wata. Wannan shi ne Urƙubu sak, har da girbin dare, kuma kalmar mayaudari tamkar don shi aka ƙera ta. Don kada maza su ce an yi son kai, yana da ƙanwa, wadda ke karɓar toshin mutum uku tana ce wa kowannensu shi ne.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne mai fakewa da in sha Allahu. An umarce mu a Suratul Kahfi mu riƙa faɗin haka kan abin da za mu yi gobe, shi kuwa ya mayar da ita ƙofar baya. Masu hulɗa da shi har sun ƙware wajen fassara muryarsa. In ya faɗe ta da sauri yana kallonka, akwai fata. In ya ja ta yana duban agogo, ka nemi wata hanya. In ya haɗa da “bari mu gani”, ka yi wa bukatarka ta'aziyya. Ranar da ka tuna masa sai ya buɗe hannu ya ce Allah bai nufa ba, alhali shi ko yunƙurawa bai yi ba.

A nan ne wasu za su ce ai addini ya riga ya raɗa musu suna, tun da hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito ya lissafa saɓa alkawari cikin alamomin munafuki guda uku, tare da ƙarya da cin amana. Gaskiya ne. Sai dai malamai irin su Imamu Gazali sun yi bayanin cewa abin ya fi hawa kan wanda tun yana ɗaukar alkawarin ya ƙudurce ba zai cika ba, ban da wanda uzuri ya sha gabansa. Da wannan ma'auni Malam Gobe yana iya tsira da ƙyar, Kawu Turo da saurayi kuwa sai dai su yi ta kansu. Ga kuma wata matsala: munafuki a bakin Bahaushe ya fi nufin mai kai gulma da haɗa husuma. Ka ce wa tela munafuki, zai tambaye ka wa ya kai ka wurin wa, kuma kada ka manta almakashi na hannunsa. Shi kuwa ɗan 419, wanda ya samo sunansa daga sashe na 419 na kundin laifuffukan da ake aiki da shi a kudancin Najeriya, ba ya cikin wannan dangi ko kaɗan. Ɓarawo ne da ya ga baki ya fi tsallaka katanga sauƙi.

Duk waɗannan ƙananan jikoki ne. Manyan suna sama, kuma a nan ne harshenmu ke yin sanyi. Janar Gowon ya yi alkawarin miƙa mulki ga farar hula a 1976, sai ranar 1 ga Oktoba 1974 ya ce wannan lokaci ba mai yiwuwa ba ne. Janar Babangida ya sa 1990, ya ɗaga zuwa 1992, ya sake ɗagawa zuwa 1993, aka yi zaɓe ranar 12 ga Yuni aka soke. Wane suna aka ba shi? Maradona, sunan gwanin ƙwallo, wanda rabinsa zargi ne rabinsa yabo. An yi mana alkawarin lafiya ga kowa a shekarar 2000. An yi mana na 2010, aka sake yi mana na 2020, wai kafin lokacin Najeriya za ta shiga sahun ƙasashe 20 mafiya ƙarfin arziki. Kamfanin ƙarfe na Ajaokuta tun 1979 aka ba da kwangilarsa, babbar tukunyar narka ƙarfen ba a taɓa hura ta ba. Tashar lantarki ta Mambila a Taraba, wadda aka tsara mata megawat 3,050 a takarda, yaran da aka haifa ana maganarta sun aurar da 'ya'ya, ba ta kunna ko ƙwan fitila ɗaya ba.

Na kusa da mu shi ne ɗan takara, mai zuwa da atamfa da taliya da sabulu. A tsaye ɗaya zai haƙa burtsatse, ya shimfiɗa kwalta, ya gina asibiti, duk da baki. Ya ci zaɓe, lambar waya ta sauya, maigadi ya ce oga na taro. Bayan shekara huɗu ya dawo ya ce aikin da aka fara ne yake so a ba shi dama ya ƙarasa, mu kuma mu tashi tsaye muna “sai ka yi takwas”. Tela ya riƙe yadi biyar mako biyu mun kira shi maƙaryaci a gaban yaransa. Wannan ya riƙe gari guda shekara huɗu, sunansa Mai Girma, kuma ba a cewa ya saɓa, sai dai a ce an samu tsaiko.

Saboda haka ina roƙon malaman Hausa na Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello da ta Usmanu Ɗanfodiyo, da ku masu karatu, a taimaka a ƙero mana kalma ɗaya domin wannan na ƙarshen kafin zaɓe mai zuwa. Ta zama gajera yadda tsohuwa za ta iya faɗinta a filin taro ba tare da ta ja numfashi ba. Kada kuma ta yi daɗin ji, don in ta yi daɗi, kafin shekara ta zagayo za a naɗa wani sarautarta.