Yadda Na Kusa Kai Kawu Asibitin Ido

A Dandamisa har yanzu shekarar ƙwallo ba ta wuce 2017 ba, aƙalla dai a shagona. Kamfanin Konami na Japan ya fitar da PES 2017 a watan Satumba na 2016, ya yi ta fitar da wasu bayansa, har ya sake wa wasan suna zuwa eFootball a 2021. Duk wannan labarin masu manyan kwamfutoci ne da intanet marar yankewa. Tawa laftof ɗin tsohuwar tokumbo ce, PES 2017 ne iyakar kayan da take ɗauka ba ta yi nishi ba. Shi ya sa a wurinmu Messi da Neymar da Suarez suna nan tare a Barcelona, ba wanda ya tafi Faransa, Ahmed Musa kuma yana Leicester, wadda wasan ke kira East Midlands don ba a sayi izinin sunanta ba. Asalin sana'ata cajin waya. Da na jona laftof da talabijin na sayo fad biyu, yara suka mai da wurin gidan gem, ni kuma ban hana ba tunda suna biya.

Muna zaune lafiya ƙanena ya zo hutu daga Zariya, inda yake karatun kwamfuta. Ya kalli talabijin ɗin ya taɓe baki.

"Yaya, wannan ciyawar ai ta mutu. Dubi ta mutane."

Ya nuna mini bidiyo a wayarsa. Wasanmu ne dai, amma filin shar, inuwa ta zauna, rigunan 'yan wasa suna ɗaukar ido. Ya ce sirrin wata manhaja ce ta kyauta mai suna ReShade, wani da aka sani da crosire ne ya ƙirƙiro ta. Ba ta taɓa wasan kansa. Tsayawa take tsakanin wasan da allo, duk hoton da wasan ya gama zanawa sai ta tare shi, ta ƙara masa launi ko kaifi ko haske, sannan ta sake shi ya fito. Ya zuba mini ita a filash, ya ce aikin minti biyar ne, ya hau mota ya koma makaranta. Ƙanne sun iya wannan: su kunna wuta su tafi.

Da dare na rufe shago na fara. Manhajar ta ce in nuna mata fayil ɗin wasan, na nuna. Sai ta tambaye ni da wace hanya wasan ke zana hotonsa: DirectX 9, ko DirectX 10/11/12, ko OpenGL, ko Vulkan. Ni da na yi lissafi a sakandare na san 12 ta fi 9, kuma ba zan bari a raina kwamfutata ba. Na zaɓi babbar. Da aka zo jerin kayan kwalliyar da za a sauke, na yi wa kowane akwati alama, tunda kyauta ne. Data ce kawai ba kyauta ba, kuma sai da safe na tuna.

Na kunna wasa. Ciyawa tana nan yadda na bar ta.

Sabis a unguwarmu bai cika shiga shago ba, sai mutum ya fita ya tsaya kan tudun bayan masallaci. Haka na kwana ina safa da marwa: in hau tudu in kira ƙanena in ji bayani, in sauko in manta rabi. A ƙarshe dai na fahimci PES 2017 na kwamfuta da DirectX 9 yake aiki, saboda haka fayil ɗin da manhajar ta ajiye mini, dxgi.dll, wasan ko kallonsa bai yi ba. Wanda yake nema d3d9.dll ne. Na sake sawa. Wannan karon rubutu ya bayyana a saman allo, ya ce in danna Home. Kibod ɗin laftof ɗina na Jamus ne, wanda Y da Z suka yi musayar wuri, kuma duk faɗinsa babu Home. Sai da na koma tudu aka gaya mini maɓallin da aka rubuta wa Pos1 ne.

Akwatin ya buɗe da jerin sunaye har ƙasa, ga wasu layuka jajaye birjik. Waɗannan, in ji ƙanena, kayan da aka yi wa sababbin wasanni ne, DirectX 9 ba ya iya harhaɗa su, in ƙyale su. Na ƙyale su, na faɗa wa waɗanda suka rage. Vibrance na ƙara launi, na ja shi har ƙarshe. LumaSharpen na ƙara kaifi, shi ma haka. FakeHDR, Bloom, Technicolor, ban bar kowa ba. Can na ga wani DOF, wanda ke sa abin da ke tsakiya ya fito ras, na nesa da na kusa su dushe irin na fim. Na ce wannan ai shi ne sarkinsu.

Fankar laftof ta fara kuka. Wasan da ke ba da hoto 60 a daƙiƙa ya koma tafiya da sanda, ɗan wasa ya ɗaga ƙafa ka je ka sha ruwa ka dawo kafin ya buga. Na kashe Bloom da Technicolor ya ɗan farfaɗo. Ciyawar kuwa ta zama koriya fiye da yadda Allah ya halicci kore, kamar an kifar da tukunyar miyar kuka a ƙarƙashin fitilar mota. Ni dai a idona a lokacin, Turai ce ta sauka a Dandamisa.

A nan Kawu ya shigo labarin. Ƙanen mahaifiyata ne, manomin rake, mazarƙwailarsa har Ikara da Hunkuyi ake zuwa saye. Kullum bayan magariba yakan kawo waya da cocila caji, ya zauna kan benci yana yi wa yara alƙalanci. Ya san sarai wasa ne, amma hakan bai taɓa hana shi zagin gola ba. Ranar farko ya ƙura wa allo ido ya ce, "Kai ɗan nan, sanyin Ingila ne ya mai da Ahmed Musa ja haka?" Yara suka kwashe da dariya, don Vibrance ba ya tambayar wa yake shafawa: duk baƙin ɗan wasa ya koma jan ƙasa, turawan kuma sun zama ruwan lemo. Daga nan Kawu ya yi shiru. Na ga yana murza ido, ya matso, ya ja da baya, ya rufe ido ɗaya ya buɗe ɗaya. Ya karɓi cocilarsa ya tafi ko sallama bai cika ba. Kashegari haka. Ranar da ta biyo baya ma bai zo ba, jikansa ya aiko.

Yaran ma suna ta ƙorafi cewa ba sa ganin mai gudu ta gefe, kuma agogo da ƙidayar ci sun dushe. Na ce musu haka turawa suke kallo, su saba.

Ranar Juma'a bayan sallah aka kira ni zauren Kawu. Na tarar da 'yan uwa cike, fuskoki a murtuke. Babban ɗansa ya ce idon Baba ya fara tafiya. An rabu biyu: wasu na cewa a kai shi babban asibitin ido na tarayya da ke Kaduna, wasu na cewa na ECWA da ke Kano ya fi sauƙin zuwa. Har an yi cinikin wani yanki na raken tun yana gona. Aka yanka wa kowa abin da zai kawo, na zaro nawa na ajiye a tabarma, zuciyata cike da tausayi. Sai wani dattijo ya ce, "Malam, yi mana bayanin yadda kake gani."

Kawu ya gyara zama. "Tsakiya ina gani garau. Gefe da gefe ne hazo. Rubutun sama duk ya narke. Mutane kuma sun yi ja."

"Da rana ma haka?"

"A'a, a gona lafiya lau. Sai bayan magariba."

"A ina?"

Kawu ya ɗago ya nuna ni da haɓa. "A shagon wannan."

Dattijon ya ce to ai shi ke nan, dundumi ne, a fara ba shi hanta. Ni kuwa na ji zufa tana bin bayana cikin sanyin hunturu. Na ce, "Kawu, ku yi haƙuri, akwai wani ɗan abu da nake so ku zo ku gani."

Kafin su iso na ruga tudu. Ƙanena ya yi dariya har sai da katina ya kusa ƙarewa, sannan ya yi bayani. DOF yana dogara ne da bayanin nisa da yake karɓa daga wasan, ya ɗauki tsakiyar allo a matsayin wurin da ido ke kallo, duk abin da nisansa ya bambanta ya dusar da shi. A fim wannan ado ne. A ƙwallo, inda ake son ganin fili daga kusurwa zuwa kusurwa, masifa ce. Kuma da yake ReShade hoton da aka gama take samu, ba ta san agogo daban ciyawa daban ba, shi ya sa ƙidayar ci da 'yar taswirar ƙasa suka tafi tare da sauran. Ya ce in ina sauri in goge d3d9.dll kawai.

Na rubuta sunan a wurin bincike, kwamfuta ta kawo mini fiye da ɗaya. Na kama na farko, wanda ke cikin System32, na danna gogewa. Windows ta ce ba ni da izini. Na sake, ta sake hana ni. Ina cikin yi mata faɗa a kan wa ya saye ta da kuɗinsa, ƙanena ya kira yana haki: wancan na Windows ne kanta, in ya tafi ba PES kaɗai zai mutu ba. Na cikin foldar wasan ake nufi, wanda ke kusa da reshade-shaders.

Lokacin tawaga ta riga ta cika ƙofar shago, har da masu bin ba'asi. Ban goge komai ba. Na zaunar da Kawu a bencinsa, na danna Pos1, na cire alamar DOF. Fili ya fito tas har tutar kusurwa. Na mayar, hazo ya dawo. Na cire, ya tafi.

Kawu ya ce, "Sake."

Na sake. Ya sa na yi ta yi har yara suka fara ƙirgawa. Ya juya ya dubi jama'a ɗaya bayan ɗaya, sannan ya dawo kaina.

"Wato garin neman gira, idona ka tashi cirewa. Ba ma naka ba."

An fasa cinikin rake da ƙyar, sai da aka ba mai saye haƙuri da ƙwaryar mazarƙwaila. Babban ɗan Kawu ya bi 'yan uwa gida-gida ya mayar wa kowa kuɗinsa. Ni na rage Vibrance zuwa ɗan kaɗan, na bar LumaSharpen, na kashe sauran, Ahmed Musa ya dawo kalarsa. Bayan sati na ga shiru, sai na lallaɓa na gaida Kawu, na yi ta kewaye-kewaye har na iso kan maganar nawa kason.

"Wane kuɗi?" in ji shi. "Ai na ci hanta da su."