Masu Yi wa Wasa Kwaskwarima a New Bell

A shagunan wasan kwamfuta na New Bell, can cikin lungunan unguwar Hausawa ta Duwala, akwai masu buga wasa, akwai kuma masu gyara shi, kuma da wuya mutum ɗaya ya haɗa biyun. Masu gyaran su ne abin kallo. Skyrim, wanda kamfanin Bethesda ya fitar a 2011, ya fi kowane wasa shan wahala a hannunsu, domin kamfanin da kansa ya ba da kayan aikin yi masa ƙari.

Shugabansu shi ne Tela. Bai taɓa riƙe allura ba, amma ya rantse jarumin ƙasar ƙanƙara ba zai ƙara yawo da sulke ba. Sai ya buɗe fatar sulken, wato hoton DDS da aka lulluɓe jikin da shi, ya shiga GIMP ya shafa masa shadda ruwan bula har da aska takwas a ƙirji. Matsalar ita ce hoton a shimfiɗe yake, hannu a wannan kusurwa, wuya a waccan, Tela kuwa bai san wace kusurwa ce ta ina ba. Da aka kunna wasa sai ga aikin wuya a gwiwar jarumi, aljihu a ƙeya. Idan kuma ya kuskure sunan fayil da harafi ɗaya, rigar duka ta koma shunayya, launin da wasan ke nunawa in ya nemi fata bai samu ba. Tela ya dubi wannan ya ce, "Ai da gangan na yi, sabon yayi ne." Burinsa na gaba shi ne rigar ƙwallon Kamaru marar hannu, wadda aka ci kofin Afirka da ita a Mali a 2002, FIFA kuma ta hana sa ta haka a gasar duniya. A ganinsa Skyrim ba ta da FIFA.

Kusa da shi akwai Mai Kishin Unguwa, wanda bai yarda jarumi ya ɗauki wata fuska ba sai ta Samuel Eto'o, tunda a New Bell ya tashi. An liƙa fuskar, amma wani ƙarin ya riga ya taɓa mutumin, sai kai ya fito da launi daban, jiki daban, kamar wadda man bilicin ya ƙare mata a wuya.

Na fi tausayin Haɗamamme. Duk abin da ya gani a Nexus Mods sai ya sauke: sabon ruwa, sabon hadari, sabbin kaji. Kwamfutarsa tsohuwa ce, kwance ce daga Turai, amma fata mai faɗin 4096 yake ɗora wa kowane dutse, alhali mai 1024 ma da kyar take ɗauka. Tsohon Skyrim ba ya karɓar fayilolin ƙari fiye da 255, shi kuwa ya ɗauki wannan iyaka a matsayin gasa. Ba ya karanta bayanin da mai ƙarin ya rubuta, don haka bai san wani ƙarin ba ya tashi sai uwarsa na nan, kuma ita ce a gaba a jerin lodi. Wasa ya nuno tambarin dodo, ya rufe kansa. Ka ce masa, "Ɗan'uwa, kashe rabinsu ka gwada, in ya tashi ka san mai laifin yana cikin rabin da ka kashe." Ya ce wanne daga cikin 'ya'yansa zai kashe?

Sai Boka. Ciwo kowane iri ne, magani ɗaya: "A goge komai a sake." Ya goge, har da wasan wani yaro da ya kai mataki na 40, ya karɓi kuɗin shayi ya tafi.

Ba-Ni-Na-Taɓa-Ba yana nan kullum, hannunsa a kan linzami, maiƙon tsire a kan madannai, yana rantsuwa shi ma yanzu ya shigo.

Akwai kuma Dattijon Benci, wanda ba shi da kwamfuta amma yana da ra'ayi. Abin haushi, wani lokacin gaskiyarsa ce. Shi ke tuna musu cewa a Yawunde, Olivier Madiba da abokan aikinsa na Kiro'o Games sun fitar da Aurion a 2016, wasan da jarumansa, Enzo da Erine, 'yan Afirka ne tun daga zane, ba sai an yi musu aron riga ba. Kowa ya gyaɗa kai, "Haka ne, Baba," a koma kan shaddar Tela.

Mai shago dai ba ruwansa, awa yake ƙirgawa, ko ka yaƙi dodo ko ka yaƙi fayil kuɗin ɗaya ne. In an ɗauke wuta ana tsakiyar adana aiki, shi ne kaɗai ba ya salati.

Mai karatu, in ka ba ɗaya daga cikin waɗannan bayin Allah aron kwamfutarka, kwafe jakar Data a filas tukuna, ka sa filas ɗin a aljihu.